Makullin da Ke Wuyan Ulises

A garinmu Tultepec, wanda zai hau kastiyo, wato hasumiyar wutar biki, shi ke rataya makulli a wuyansa. Haka ake yi tun da aka daina kunna wutar biki da lagwani aka koma akwatin lantarki. Za a tsayar da hasumiyar katako a gaban coci, tsayinta ya wuce rufi, a ɗaure ta da albarushi daga gindi har ƙoli, wayoyinta su sauko su shige akwatin maestro, wato ubangidan aiki. Kafin mai hawa ya ɗaga ƙafa, sai ya zare makullin akwatin ya rataya. Muddin makulli na sama, akwati gawa ne. Maestro zai yi ta danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, 'yan fitilu kore su nuna masa wace waya ce lafiya wace ce ta tsinke, na sama yana gyarawa, ba abin da zai tashi.

Ɗana Ulises mai hawa ne, kuma shi kaɗai Allah ya bar mini. Wanda ya koya masa rataya makulli kawunsa ne Rutilio, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Har mari ya taɓa kai masa ranar da ya manta, ni kuma na ce ya ƙara masa.

Rutilio ya iya waya, wannan ko maƙiyinsa zai faɗa. Tsofaffin akwatuna yake saya, waɗanda manyan kamfanoni suka gaji da su suka jingine. Ya buɗe cikinsu, ya yi 'yan dabarunsa, ya kankare lambar masana'anta, ya shafa fenti ruwan ɗorawa, ya sayar wa ƙananan maestro da ba su da ƙarfin sabo. Ba shi da takardar izinin wannan aiki. Kowa ya sani, kowa kuma ya kau da kai, tunda ba mai son tsada.

Ranar Laraba labari ya zo daga wani ƙauye a jihar Hidalgo cewa kastiyo ya tashi da rana tsaka, ana cikin gwaji. Macario, ɗan unguwarmu, yana sama. Ya faɗo a ƙone, aka kwashe shi sai asibiti, kuma waɗanda suka ɗauke shi sun rantse makulli na wuyansa. Ran Juma'a 'yan sanda suka zo suka tafi da Rutilio daga shagonsa, ko riga ba su bari ya canza ba.

Asabar da safe na kai masa tamal, alalen masararmu, a bayan kanta. Lauyansa ya tare ni a bakin ƙofa, wani mai tumbi da ya yi wanka da turare, ya ja ni gefe.

"Doña Obdulia, abin da sauƙi," in ji shi. "Akwatin da ya tashi ya narke, ya zama dunƙulen roba. Ba mai iya cewa ga abin da aka taɓa a ciki. Ku dai ja bakinku ku yi shiru, ke da matarsa da kowa. Amma fa in wani akwatin nasa ya faɗa hannun hukuma lafiyarsa ƙalau aka buɗe, to ni kaina ba ni da ta cewa. Sai 'ya'yansa sun yi gemu kafin ya fito."

Na shiga. Rutilio ya yi zuru-zuru, ya zabge, kwana ɗaya tal. Ko kallon tamal ɗin bai yi ba.

"Yaya, ina Ulises?"

"Yana wurin aiki mana. Ce maka aka yi gari zai zauna yana kuka saboda kai? Ci abinci."

"Wurin wa yake?"

"Maestro Hilarión. Tun jiya suka tafi San Mateo Ocotal, yau ne bikin waliyyinsu."

Sai ya kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena yana magana ƙasa-ƙasa, numfashinsa na wari. Ya ce akwatuna biyu na ƙarshe da ya saya ba su zo da makullansu ba. Sai ya sa musu na wani tsohon kabad, ya manna 'yar gwangwani da gam a bayansa, in an murɗa ta taɓa, in an zare ta saki. Ya gwada ya sake gwadawa a shago, yana aiki tsaf. Sai da na Macario ya tashi sannan ya gane cewa in akwatin ya sha rana gam ɗin saki yake, gwangwanin ya kwanta ya zauna a taɓe. Daga nan da makulli da babu duk ɗaya ne.

"Ɗayan fa?" na ce, ko da yake cikina ya riga ya ba ni amsa.

"Don Cleto na kasuwa na sayar wa. Shi kuma ya sa a kwali ya sayar a matsayin sabo. Ran Lahadi Ulises yake mini kurin maestronsa ya yi sabon akwati ruwan ɗorawa."

"Tun Laraba ka sani, Rutilio?"

"Na ɗauka sai wata mai kamawa suke da aiki. Na rantse da Allah, Yaya, na ɗauka..."

"Tun Laraba! Da bakinka, da ƙafafunka, gidana yana nan inda ka san shi!"

"Yi a hankali, za su ji." Hawaye ya wanke masa fuska. "Ki je ki ciro shi. Amma don girman Allah kada kowa ya sani. Ki ja Hilarión gefe, ko ki sace akwatin ki jefa a kogi. Matata Marisela ta kusa haihuwa, Yaya. In suka buɗe shi na mutu."

Na so in tofa masa yawu. Na kuma so in jawo kansa in rungume, don ni na goya shi lokacin da uwarmu ke naɗa lagwani a shagon mutane. Ban yi ko ɗaya ba. Na bar masa tamal ɗin a ƙasa na fita da gudu.

Na kira Ulises, na kira Hilarión, na kira direbansu, duk a banza. Masu albarushi ba sa kusantar aiki da wayar hannu. A bokiti ake tara su a kulle a mota sai an gama, ni ma da bakina na sha yi wa Ulises faɗa a kan haka. Saura hanya ɗaya: in nemi lambar hukumar ƙauyen in ce su tsayar da aiki. Na tsaya a bakin titi da waya a hannu. In na kira su, sai sun tambayi dalili, in na faɗi dalili na ɗaure Rutilio da hannuna. Sai na yi wa kaina lissafin mai neman mafita. Ba a gwaji sai an gama ɗauri, ba a gama ɗauri sai bayan abincin rana, Hilarión kuma ba ya wasa da cikinsa. Zan isa. Zan fitar da ɗana in kuma rufa wa ƙanena asiri. Na mayar da wayar jaka na tari motar haya.

Ban taɓa tsanar rana kamar ranar nan ba. Muna fita daga gari ta fara ɗagowa, sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Na ɗora tafin hannuna a jikin ƙarfen tagar motar, na ji ya fara ɗumi, can kuma na kasa barinsa a kai. Duk inda akwatin nan yake, haka yake sha. Matar da ke kusa da ni, mai kwandon furanni, ta ce ko ba ni da lafiya ne. Na ce mata lafiyata ƙalau, ta ji da furanninta.

Da muka fara hawan duwatsu sai hankalina ya dawo jikina. Wace irin uwa ce ni? Ɗana na kan albarushi ina nan ina auna mutuncin ƙato? Na ciro wayar in kira hukuma, ko wace ce, a ɗaure duk wanda za a ɗaure. Babu layi. Na ɗaga ta sama, na miƙa ta taga, na girgiza ta, babu. Sai na koma kan San Juan de Dios, waliyyin masu albarushi, wanda tun ina yarinya ban taɓa fashin kai masa kyandir ba. Ban roƙe shi da ladabi ba. Na ce masa shekara da shekaru muna ƙona dukiyarmu don a girmama shi, ya ɗauki mijina ban ce uffan ba, yau in bai tare mini ranar nan ba kada ya ƙara ganin ƙafata.

"Direba, taka mana! Gawa ka ɗauko ne?"

"Doña, in kina sauri ki sauka ki tashi sama," in ji shi, mota ta kwashe da dariya.

A bakin San Mateo Ocotal mota ta tsaya cik. Masu zagaye da mutum-mutumin waliyyin garin sun cika hanya, ga 'yan busa, ga mata da kyandir, suna tafiya kamar ba za su mutu ba. Na diro na kutsa cikinsu. Na ture wata tsohuwa, na taka wani, aka zage ni, takalmina ɗaya ya fita ban waiwaya ba. Tun daga nesa na hango kan kastiyon ya leƙo ta saman rufin coci, da wani ɗan ɗigo mai jar riga manne a jikinsa. Ni na wanke rigar nan ran Alhamis.

An zagaye filin da igiya, jama'a na bayanta suna kallo. A ciki, a tsakiyar rana, ga tebur, ga akwatin ruwan ɗorawa a kai, ko tsumma ba a rufa masa ba. Hilarión na tsaye yana sakace haƙori, ya riga ya ci ya ƙoshi. A gefensa ga abin da ban sa a lissafina ba: wata jami'ar kiyaye haɗari ta ƙaramar hukuma, yarinya da rigar aiki mai ƙyalli, da 'yan sanda biyu a bayanta. Sun zo ganin gwaji kafin su ba da izinin wutar dare.

Na sunkuya ta ƙarƙashin igiyar.

"Kai, Doña Obdulia!" in ji Hilarión. "Me ya kawo ki? Nono kika biyo ɗanki da shi?"

"Maestro, zo mu ɗan keɓe. Magana ce."

"Bari in gama gwaji, ga hukuma na jira."

"Yanzu nake so."

"To faɗi mana, ai ba baƙo a nan."

Jami'ar na kallona, 'yan sandan na kallon ƙafata marar takalmi. Na ce masa ya sauko da Ulises tukuna, kakarsa ce ba lafiya. Ya ce kakar Ulises da shi aka binne ta, ya yi dariya, ya goge hannunsa a wando, ya ɗaga kai ya ƙwala kira: "Ulises! Zan fara!" Daga sama muryar ɗana ta amsa: "Fara, Maestro!" Sai na ga yatsan Hilarión ya nufi maɓallin farko.

Ban san lokacin da na daka tsalle ba. Na kama babbar wayar da ta shiga bayan akwatin na fizge ta da duk ƙarfina, na faɗi zaune da ita a hannu. Jikin akwatin da na shafa ya ƙona mini damtse.

Wuri ya kaure. Hilarión ya hau zagi, wai na haukace, wai zan lalata masa aikin wata guda. Wani tsoho, wanda ya ɗauki nauyin bikin, ya taho yana kaɗa sanda yana cewa shekara suka yi suna tara wa waliyyinsu kuɗi, wata 'yar birni ba za ta zo ta kunyata su ba. 'Yan sandan suka ɗaga ni ta hamata, suka ɓamɓare wayar daga hannuna. Na ce akwatin ba lafiya. Hilarión ya ce sabo ne dal, da kwalinsa ya saya, ya kuma gwada shi a rumfar Don Cleto a gaban mutane.

"A inuwa ka gwada!" na ce.

"To a ina zan gwada, a cikin tanda?"

Jama'a suka yi dariya. Sai ga muryar Ulises daga sama, cike da kunya, irin ta saurayin da uwarsa ta ba shi kunya a gaban 'yan mata.

"Mama! Me kike yi haka? Ga makulli nan!" Ya ciro shi daga cikin riga yana kaɗa mini, yana walƙiya a rana. "Ga shi a wuyana, Mama! Ba abin da zai same ni! Ki je ki zauna!"

"Sauko, Ulises!"

"Aiki nake!"

'Yan sandan suka fara jana zuwa bayan igiya. Ina turjewa ina kallon Hilarión ya sunkuya ya ɗauki bakin wayar, ya hure ƙasar da ta shiga, yana neman ramin da zai mayar da ita. Na yi ihu na ce su ba ni ashanar lantarki ƙwaya ɗaya, irin wadda ke kunna albarushi, su gani da idonsu. Ba wanda ya kula ni sai jami'ar. Ta ɗaga hannu, 'yan sandan suka dakata, amma ba ta hana Hilarión abin da yake yi ba.

"Señora, ba zan tsayar da bikin gari a kan mafarkin wata ba," in ji ta. "Wa ya ce miki akwatin ba lafiya?"

"Na dai sani."

"Wannan ba amsa ba ce. Ku fitar da ita."

"Wanda ya haɗa shi ne ya gaya mini!"

"Masana'anta ce ta haɗa shi," in ji Hilarión. Na ji ƙarar wayar ta shige gurbinta.

"Wane ne?" in ji jami'ar.

Na ga fuskar Rutilio a jikin ƙarfe. Na ga Marisela da cikinta ya sauko, da yaransu biyu da ke kirana Gwaggo. Duk na gan su, ba zan ce ban gan su ba. Na kuma ga yatsan Hilarión.

"Rutilio Solano," na ce. Na sake da ƙarfi yadda duk filin zai ji. "Rutilio Solano na Tultepec! Ƙanena ne. Yana hannun 'yan sanda tun jiya saboda kastiyon da ya tashi da Macario. Wannan akwatin ɗan'uwan wancan ne. Makullin na kabad ne, ba ya tsare komai!"

Sunan Macario ya yi abin da ihuna bai yi ba. Hilarión ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Da kansa ya zare wayar ya yi jifa da ita nesa, sannan ya laluba aljihu ya ciro ashanar lantarki guda, ya haɗa ta da akwatin, ya ajiye kanta a ƙasa can gefe. Ya dube ni, ya dubi ramin makullin da ba komai a cikinsa, ya danna maɓallin farko.

Tas!

'Yar ƙara ce, ko kare ba za ta kora ba. Hayaƙi ɗan siriri ya tashi ya ɓace. Amma filin nan ya yi tsit, har 'yan busa da ke shigowa suka sauke ƙahonninsu. Hilarión ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula. Maɓallin farko na ƙafafun wutar da ke juyawa ne a ƙolin kastiyon, daidai inda Ulises ke tsaye.

Ya sauko a hankali, yana gwada kowane katako kafin ya taka, kamar yau ya fara hawa. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa na kama shi, na shafa kansa, na shafa wuyansa, na mare shi a kafaɗa ban san dalili ba, na fashe da kuka. Shi bai yi kuka ba. Ya cire makullin yana jujjuya shi a tafin hannu.

"Kawu ne?" ya ce.

"Shi ne."

"Ya san ni zan hau?"

Na kau da kai, bai sake tambaya ba. Jami'ar ta miƙo leda ya jefa makullin a ciki. Suka naɗe akwatin da tamfol, 'yan sandan biyu suka ɗauke shi a hankali suka sa a bayan motarsu, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ta tambaye ni sunana da na Don Cleto, na faɗa. Ta ce za a neme ni in maimaita a gaban alƙali, na ce na ji.

Wata mata ta kawo mini takalmina da kofin ruwa. Muka zauna a matakalar coci ni da Ulises, kafaɗarsa a jikin tawa, ina jin ɗuminsa da warin albarushin rigarsa. Na gode wa Allah, kuma ban ji daɗin komai ba. Nan wayata ta yi ƙara a jaka, yanzu da layin ya ga dama ya dawo. Marisela ce.

"Yaya, kin isa? Yanzu na fito daga wurinsa, ya gaya mini komai. Kin isa?"

"Na isa. Ulises ya sauko, ga shi kusa da ni."

"Wayyo Allah mun gode! Mun gode!" Ta yi kuka ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Akwatin fa, Yaya? Kin jefar? Ba wanda ya gani, ko?"

Motar 'yan sandan ta tashi, tana ratsa jama'a a hankali, tamfol ɗin na kaɗawa a bayanta.

"Marisela, a tsaye kike?"

"Eh, ina bakin titi. Me ya faru?"

"Nemi wuri ki zauna tukuna, ƙanwata. Ki riƙe cikinki ki zauna."